Na Iya Aikin, In'ina Ce Ke Kayar Da Ni A Intabiyu

Goggo, barka da ƙoƙari. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure kuma lokaci yana ƙure mini. Ki yi haƙuri da tsawon bayanin. A rubuce ne kawai nake samun yin magana ba a katse ni ba, shi ya sa in na samu dama sai in zuba.

Ni injiniyan manhaja ne, wato mu ne masu rubuta umarnin da kwamfuta da waya ke bi su yi aiki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke tsara wa motocin kai kaya hanyar da za su bi. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon buga takardu, in injinsu ya tashi har teburina rawa yake yi. Teburin nawa yana can ƙurya, kuma ni na zaɓe shi da kaina, don duk mai tambaya sai ya wuce mutane da yawa kafin ya iso kaina, galibi kafin nan wani ya riga ya amsa masa.

Ina da in'ina tun ina yaro. Ba irin mai sauƙin nan ba da mutum zai maimaita harafi ya wuce. Tawa riƙewa take yi. Kalma za ta zo har bakin leɓe ta tsaya cak, wuyana ya ɗaure, idona ya rufe, ina ji a jikina wanda ke gabana yana neman inda zai ajiye idonsa. Duk kalmar da ta fara da "b" ko "k" abokiyar gabata ce. Da na girma sai na koyi dabara, in na hango kalma za ta ƙi fita sai in yi wuf in sauya ta da 'yar'uwarta. Na sha zuwa sayen batir in dawo da ashana. Kwamfuta ce ta fara saurarona ba ta ƙosa ba, ina jin shi ya sa na manne mata.

A wurin aiki babu mai shakkar hannuna. In abu ya lalace ni ake kallo. Amma a taron safe rubuta nawa bayanin nake yi wani ya karanta, in kuma baƙi sun zo ganin abin da na gina, sai oga ya tura wani mai zaƙin baki ya yi musu bayani, shi ake miƙa wa hannu, ni ina ƙurya ina jin ana yaba aikina da sunan wani. Waɗanda na koya wa aikin da hannuna sun tafi manyan kamfanonin fasaha. Zan so in ce miki ba na jin komai, amma ƙarya zan yi.

Shi ne na ɗaura niyya ni ma in gwada. Ban sani ba ko kin san yadda intabiyun waɗannan kamfanoni yake. Ba takardar shaida suke kallo ba. Za a haɗa ka da injiniyansu ta kiran bidiyo, a buɗe shafi ɗaya da ku biyun kuke gani, ya jefo maka matsala irin ta wasa ƙwaƙwalwa, ka warware kana rubutawa yana kallo. Sharaɗin kuwa shi ne ban da shiru. Duk abin da ke yawo a kanka sai ka faɗe shi da baki, me ya sa ka bi nan ba ka bi can ba, da Turanci, agogo yana tafiya. Ni dai a wurina kamar a ce wa tela mai ciwon ƙafa sai ya yi tsere kafin a duba ɗinkinsa.

Na yi shiri, Goggo, Allah shi ne shaidata. Teburin cin abincinmu ya koma makaranta. Na bar zuwa kallon ƙwallo, yayana har ya yi fushi wai na daina zumunci. Tambayoyin gwaji kuwa na warware ba adadi, har ta kai in na ga layin farko na san inda aka dosa.

Bara na samu intabiyu na farko. Wani matashi ne ya yi mini, mai fara'a, yana ta kurɓar shayi. Ya ba ni tambayar nemo abu a cikin dogon jeri da aka riga aka tsara. Kafin ya rufe baki na san amsar: a raba jerin biyu, a jefar da rabin da abin ba ya ciki, a sake rabawa, har a cafke shi. To sunan wannan dabara a Turance da "b" ya fara. Na buɗe baki ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ina ganin fuskata a ƙaramin akwatin da ke gefen allo, baki a murɗe, kamar ba ni ba. Ya tambaya ko layin ne ya tsaya. Sai tsohuwar ɗabi'a ta taso, na sauya kalma, na ce zan duba jerin. Shi kuma ya ɗauka nufina in bi ɗaya bayan ɗaya, hanyar da ɗan koyo ke bi. Ya shiga lallaɓa ni cikin tausayi yana nuna mini hanyar da na sani tun kafin ya gama makaranta. Na rubuta amsar daidai daga baya, amma a wurinsa shi ya kai ni. Saƙon ban haƙuri ya zo cikin ladabi. Ban faɗa wa kowa abin da ya faru ba sai mai ɗakina.

Bari in gaya miki wace ce ita. A kantin magani take aiki, bakinta kuwa kamar an kunna rediyo. 'Yan'uwa suna tsokanarmu wai rabona na magana ita aka ba. Tun muna neman aure in kalma ta riƙe ni ita ke ƙarasa mini, a gaban likita, a gaban mai gidan haya, har a gaban iyayenta. Yawanci tana cankar daidai. Wani lokaci kuma takan faɗi abin da ba shi nake nufi ba, sai in gyaɗa kai kawai don ya fi sauƙi. Bayan faɗuwata ita ta ce mu riƙa gwaji. Takan zauna a falo da waya, ni ina ɗaki da kwamfuta, ta karanto tambaya tana tauna kalmomin da ba ta san ma'anarsu ba, ta ɗaure fuska wai ita babbar injiniya ce. Mukan yi dariya sosai. Amma ko a gwajin, da na maƙale sai ta jefo mini kalmar.

Yanzu ga inda ake. Wani babban kamfani ya kira ni. Jarrabawarsu ta farko a rubuce ce, na cinye ta. Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta rubuto tana yabawa, ta ce saura zagayen ƙarshe, intabiyu a jere a yini ɗaya, mako mai zuwa. A ƙasan saƙonta akwai layin da ke cewa in ina buƙatar wani tanadi na musamman in sanar da ita. Na daɗe ina kallon layin, sai na rufe. Zuciyata ta ce da zarar na faɗa za su nemo wani dalili mai ladabi su ajiye ni.

Sai ga Dogo. Abokina ne tun jami'a, shi ke amsa mini sunana in ana kiran rajista a aji. Yanzu yana wani kamfani mai kyau. Ya zo ya nuna mini wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da ke sauraron tambaya a ɓoye, ta rubuto bayani jimla jimla a gefen allo, inda mai intabiyu ba zai gani ba, kai dai karantawa za ka yi. Ni kuma, Goggo, in ina karanta rubutu in'inata raguwa take yi sosai. Mun gwada. Na ji muryata tana tafiya sumul kamar ruwa, har sai da ƙwalla ta zo mini. Dogo ya ce wannan ba sata ba ce tunda na riga na san amsar, baki kawai zan ara, kamar mai tabarau. Ya ce su ma kamfanonin ba adalci suke yi ba, don me ni zan zama waliyyi.

Mai ɗakina ta ce sam. Ta ce ba za ta sake zama gwaji da ni ba in da wannan abin, kuma in na samu aiki ta haka kullum da faɗuwar gaba zan kwana. Raina ya ɓaci, kuma abin haushi, in ina fushi maganata ba ta riƙewa. Na ce mata ita ma ai shekara da shekaru cusa mini magana take yi a baki, me ya raba ta da na'urar, gara ma na'urar ba ta sa ni jin ni yaro ne a gaban mutane. Ta tashi ta kwashe kofuna.

Tun ranar ba ta sake ƙarasa mini kalma ba. In na maƙale sai ta ajiye abin da ke hannunta ta zuba mini ido, ta yi shiru har sai na fitar da ita da kaina, ko da za a daɗe. Jiya a gaban mai gyaran famfo ta yi mini haka, na yi ta fama ina gumi har na gama. Na san horo take yi mini, kuma na san na jawo.

Goggo, ki gaya mini gaskiya. Shin in na yi amfani da abin Dogo na yi ha'inci, alhali ilimin nawa ne? In kuma na faɗa wa kamfanin, ba na kashe kaina da kaina ba? Ko dai in haƙura in koma ƙuryata, tunda can ba wanda ya taɓa korata? Kuma yaya zan yi da mai ɗakina?

Naki,
Mai Nauyin Harshe

*

Ɗana Mai Nauyin Harshe,

Na karanta bayaninka har ƙarshe ban tsallake layi ba, kuma mutumin da ya iya jera magana haka ba shi da matsalar tunani ko ta bayani. Ka riƙe wannan tukuna.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Gwajin da ke auna saurin baki tare da ilimi ya fi yi wa irinka tsanani, kuma abin da ya same ka bara akwai ciwo. Dogo ma ba mugu ba ne. Ya daɗe yana ganin ana cin guminka, so yake ka huta. Ban raina ƙwallar da ta zo maka ba da ka ji muryarka tana tafiya. Duk wanda bai taɓa kokawa da kalma ba, bai kamata ya yi saurin yi maka wa'azi ba.

Amma misalin tabarau bai zauna ba. Tabarau a fuska ake sa shi kowa yana gani, kuma ba ya karanta wa mutum littafin. Abin Dogo sai an ɓoye shi, kuma ba bakinka kaɗai zai maye ba, shi zai zaɓi hanyar, shi zai kawo dalilin, kai ka zama mai karanta labarai. Mutanen nan sun ce tunaninka suke son ji, kai kuma za ka miƙa musu na wani da sunan naka. Sunan wannan ha'inci, ko da amsar tana kanka. Zanen aro ba ya rufe katara. Ana tsaka da tafiya mai tambaya zai karkata ya ce me ya sa, ko ya lura idonka yana bin layi. In aka kama ka, ba wanda zai ce ga mai in'ina da aka matsa wa, maƙaryaci za a ce, kuma ka fi ni sanin yadda labari ke yawo a sana'arku. In kuma ba a kama ka ba, sun ɗauki mutumin da babu shi, ranar taron farko sai ka nemo shi. Ka yi wa Dogo godiya, ka goge abin daga kwamfutarka yau, don kada ya kira ka ranar da tsoro ya yi yawa.

Yanzu ka sake duba labarin bara da idon basira. In'ina ta jinkirta ka, amma ba ita ta kayar da kai ba. Sauya kalmar ne ya kayar da kai. Da matashin nan ya san kana da in'ina, da bai zargi layi ba, da ya jira. Da ka rubuta sunan dabarar a shafin da ke gabanku, da ya gani. Ɓoyon ne ya ci ka, kuma maganin da Dogo ya kawo ƙarin ɓoyo ne. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Saboda haka ka koma kan layin nan da ka rufe. Na tambayi wata 'yar ƙanwata da ke irin aikinku, ta ce ba don ado ake rubuta shi ba, kuma masu nema suna amfani da shi. Ka amsa wa matar a gajarce, ban da ban haƙuri, ban da tarihin yarinta. Ka ce kana da in'ina, ba ta shafi aikinka ba amma tana rage maka saurin magana. Ka roƙi a sanar da masu yi maka tambaya tun kafin ku haɗu, a ƙara maka lokaci, a ba ka ɗan hutu tsakanin zama da zama, kuma a yarda ka riƙa rubuta tunaninka a shafin in kalma ta tsaya. Ka aika da wuri don su samu damar shiryawa, ba a fafe gora ranar tafiya. A farkon kowane zama kuma ka faɗa da bakinka, jimla ɗaya: ina da in'ina, in na tsaya ba layi ba ne, ku ɗan jira ni. Za ka ga rabin nauyin ya sauka, don ba sauran abin da kake gadi.

Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Mai yiwuwa ka haɗu da marar haƙuri. Mai yiwuwa ka yi komai daidai wani ya fi ka a ranar. Amma kamfanin da zai ajiye ka don ka faɗi gaskiyar harshenka, da ka shiga ma wata ƙuryar za su ba ka, sai dai mai kujera mai laushi. Gara ka san halinsu tun a ƙofa.

Sauran kwanakin nan ka bar tara tambayoyi, wannan rumbun ya cika. Abin da ba ka gwada ba shi ne maƙalewa a gaban baƙo ka ci gaba. Ka nemi abokan sana'a da ba ka saba da su ba su yi maka gwaji ta bidiyo. Dokar ɗaya ce: ba sauya kalma. In ta ƙi, ka rubuta ta, ka nuna, ka wuce. Ka rufe akwatin nan da ke nuna maka fuskarka, ba kai za ka yi wa kanka intabiyu ba. Ko a ofis, gobe ka karanta bayaninka na safe da kanka. Bayan wannan ya wuce, ka nemi ƙwararru masu taimaka wa masu in'ina, ba don a canza ka ba, don kokawar ta yi sauƙi.

Sai maganar mai ɗakinka, kuma a nan zan ja maka kunne. Abin da ka faɗa akwai gaskiya a ciki, ƙarasa wa mutum magana yana iya ƙasƙantar da shi ko da so aka yi. Amma shekara nawa kana gyaɗa kai? Ta ina za ta sani? Ka tara abin a ciki, sai ka fitar da shi a matsayin makami ranar da ta hana ka cutar kanka. Kuma ban yarda horo take yi maka ba. Mace mai baki kamar rediyo, kalma tana kan harshenta, ta danne, ta ajiye aikinta ta tsaya kallonka kana fama a gaban mai gyaran famfo, kana jin ita daɗi take ji? Cikin fushin ma ta saurare ka, ta ba ka abin da ka nema. Kai da bakinka ka ce ka yi gumi har ka gama. To ka gama ɗin.

Kafin ka rubuta wa kamfani, ka same ta. Ban da saƙon waya, ban da takarda, na san can ka fi ƙarfi. Ka zauna a gabanta ka ba ta haƙuri da baki, ko da kowace kalma sai ta riƙe ka. Ka gaya mata lokacin da kake son ta jira, da lokacin da kake son ta kawo ɗauki, ku yi wata alama tsakaninku da ku kaɗai kuka sani. Sannan ka roƙe ta ta koma kujerarta ta babbar injiniya.

Ka je musu da harshenka yadda Allah ya ba ka shi, ɗana. Allah ya haɗa ka da masu sauraro masu haƙuri, in kuma ba a dace da su ba, ya ba ka ƙarfin zuciyar ƙarasa maganarka duk da haka. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau.

Goggonku